Tafiya Biyu a Kan Kogi Ɗaya

A ikilisiyoyinmu da yawa, idan an gama girbi ko makarantu sun yi hutu, akan yi sanarwa cewa matasa, ko mawaƙa, ko zumuntar mata za su ƙetare iyaka zuwa Kamaru, ko Chadi, ko Nijar, ko Jamhuriyar Benin. Za su yi mako biyu ko uku suna wa'azi, suna taya wata ƙaramar ikilisiya aikin gini, sa'an nan su komo gida. Akan yi baiko na musamman, a ɗinka anko, a ɗauki hayar mota. Iyaye kuwa sukan raka su bakin hanya da murna, amma a zuciya suna tambaya ko yaran nan sun shirya da gaske.

Domin mu taimaki masu irin wannan shiri, za mu koma baya mu duba tafiya biyu da aka yi a kan kogin Kwara, ɗaya a 1841, ɗaya kuma a 1854. Kowace a cikinsu ta 'yan watanni ce, a je a gani a komo. A ta fari mutane fiye da 40 suka mutu. A ta biyu ba wanda ya mutu ko ɗaya. Akwai kuma mutanen da suka yi dukan tafiyoyin biyu, suka rubuta abin da suka gani, shi ya sa muka san labarin dalla dalla.

Abin da ya kawo tafiya ta fari

A shekarun 1830 cinikin bayi a kan teku bai mutu ba, ko da yake Ingila ta hana shi tun 1807. Wani Kirista ɗan majalisar Ingila mai suna Thomas Fowell Buxton ya ce tsare teku da jiragen yaƙi kaɗai ba zai isa ba. A ganinsa sai an shiga cikin ƙasar Afirka, an ƙulla yarjejeniya da sarakuna, an kawo ciniki na halal da noma da bishara, sa'an nan sayar da mutane zai daina riba. A ranar 1 ga Yuni 1840 aka yi babban taro a Landan domin wannan magana, mijin Sarauniya Victoria ne ya shugabance shi. Gwamnati ta yarda ta ba da jirage da kuɗi.

Ya kamata mu faɗi gaskiya tun da fari cewa wannan tafiya ta gwamnati ce, masu bishara baƙi ne a cikinta. Ƙungiyar mishan ta CMS ta roƙa a ba mutanenta biyu wuri a jirgi, aka kuwa ba su. Na fari shi ne James Frederick Schön, Bajamushe, wanda ya yi shekaru yana aiki a Saliyo. Na biyu shi ne Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe daga Osogun, wanda aka kama yana yaro a 1821 aka sayar, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku a 1822 ya kai shi Saliyo, inda ya yi baftisma ya zama malamin makaranta. Aikin da aka ba su a fili yake. Su duba ko mutanen bakin kogi za su karɓi masu koyarwa, su rubuta harsunan da suka ji, su komo su ba da rahoto.

Shirin da aka yi a Ingila

Ba za a ce mutanen 1841 sun yi sakaci ba. An ƙera musu sababbin jirage uku na ƙarfe masu tafiya da tururi, sunayensu Albert, Wilberforce da Soudan. An zaɓi hafsoshi masu tsoron Allah, an sa musu fasto a jirgi, ana sujada a kai a kai. An ɗauki likitoci, da masana tsire-tsire da duwatsu, da kayan noma domin kafa gonar gwaji, da kyautai na sarakuna.

An kuma yi tunanin zazzaɓi, gama kowa ya san shi ne ke kashe Turawa a bakin tekun Afirka ta Yamma. Amma a zamanin nan likitoci sun ɗauka mugunyar iska ce da ke tashi daga fadama take kawo shi. Saboda haka aka sa wani masani mai suna David Boswell Reid ya haɗa wa jiragen na'urar tace iska, wadda za ta bi da iskar ta cikin magani kafin ta shiga ɗakunan kwana. An kashe kuɗi mai yawa a kan wannan, an kuwa dogara gare shi. Ba wanda ya san sauro ne ke ɗauke da cutar, gama sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da haka. Akwai kwinin a akwatin likita, tun da an san shi tun 1820, amma ba a ba masu lafiya shi a kai a kai domin rigakafi ba. Yawanci sai mutum ya kwanta akan tuna da shi.

Da jiragen suka tsaya a Saliyo a tsakiyar 1841, aka ɗauki 'yan Afirka da yawa, wasu ma'aikatan jirgi, wasu tafintoci. Yawancin tafintocin 'yantattun bayi ne da aka kamo daga ƙasashen da za a ratsa, suna jin Ibo, da Nufanci, da Hausa, da Yarbanci. Ɗaya daga cikinsu shi ne Simon Jonas, mutumin Ibo, Kirista mai iya karatu. A lissafin masu shirya tafiyar waɗannan mataimaka ne kawai. Schön shi ma ya yi nasa shiri, ya zauna da irin waɗannan mutane a Saliyo yana koyon Ibo da Hausa, yana rubuta kalmomi.

Abin da ya faru a kogi

Jiragen sun shiga bakin kogi a tsakiyar Agusta 1841, ruwa ya cika. Wajen ƙarshen watan suka kai Abo, garin Obi Ossai, sarki mai ƙarfi a ƙasar Ibo ta bakin kogi. A nan Schön ya gwada Ibon da ya koya. Ya fara karanta wa sarki jawabin da ya rubuta, amma lafazinsa bai fita ba, sarki ya gaji ya katse shi. Sai Simon Jonas ya karanta wani sashe na Littafi Mai Tsarki ya fassara da harshen da aka haife shi a ciki. Obi Ossai ya yi mamaki ƙwarai da ya ga baƙin mutum ɗan'uwansa yana karanta littafi, ya roƙa a bar masa shi ya koya wa mutanensa. Daga baya an bar Jonas a Abo na 'yan makonni, yana koya wa yara, yana wa'azi. An kuma ba sarki zuciya cewa masu koyarwa za su zo su zauna.

Daga Abo suka wuce Ida, inda suka ƙulla yarjejeniya da Attah na Igala a farkon Satumba, suka sayi fili a mahaɗar Kwara da Binuwai, wurin da Lakwaja take a yau, domin gonar gwaji. A daidai wannan lokaci zazzaɓi ya faɗa musu. Cikin 'yan kwanaki ɗakunan jirage suka cika da marasa lafiya, na'urar tace iska tana aiki, mutane suna mutuwa. Kafin ƙarshen Satumba aka juya da Soudan da Wilberforce zuwa teku ɗauke da majinyata. Albert kaɗai ya ci gaba, da Schön da Crowther a ciki, har ya kai Egga a ƙasar Nufe. A farkon Oktoba shi ma ya juyo, gama shugaban jirgin ya kwanta, masu kula da inji duka sun kwanta. Likita ne, McWilliam, ya riƙe tuƙi, masanin duwatsu kuma, Stanger, ya tayar da inji yana duba littafi. Wani Bature mai suna John Beecroft, wanda ya daɗe a wannan yanki ya san kogin, shi ya tarye su da jirginsa ya taimaka musu suka fita zuwa tsibirin Fernando Po.

Cikin Turawa wajen 150 da suka yi tafiyar, kusan dukansu sun kamu da zazzaɓi, fiye da 40 suka mutu. 'Yan Afirka da ke cikin jiragen sun kai Turawan yawa, amma kaɗan ne a cikinsu suka kwanta. Gonar gwajin ba ta yi ƙarko ba, a 1842 aka zo aka kwashe waɗanda aka bari a wurin. A Ingila jaridu suka yi ta ba'a, mutane suka ce an zubar da rayuka da dukiya a banza. Buxton bai warke daga wannan baƙin ciki ba, ya rasu a 1845.

Shekara 13 na koyo

Da a ce kowa ya koma gida ya yi shiru saboda kunya, da labarin ya ƙare a nan. Amma waɗanda suka tsira sun rubuta abin da ya faru ba tare da ɓoye kuskure ba, wasu kuma suka karanta suka yi tunani.

Schön ya gaya wa CMS cewa 'yan Afirka ne za su kai bishara bakin kogin nan, domin su ne jikinsu ya jure, su ne kuma aka saurara. Ya ba da shawara a horar da su sosai a Saliyo, a kuma rubuta harsunan ƙasar. CMS ta karɓi shawarar. Aka kira Crowther zuwa Ingila, aka naɗa shi fasto a 1843. A shekarar nan kuma Schön ya buga ƙaramin littafin kalmomin Hausa, gama ya lura a tafiyar cewa Hausa tana da amfani a kasuwanni da fadodi nesa da ƙasar Hausa.

Likitoci su ma sun koyi nasu. Ɗaya daga cikin likitocin tafiyar, Thomson, ya gwada shan kwinin kowace rana a jikinsa, ya zauna lafiya muddin yana sha. Da ya koma Ingila ya daina, sai zazzaɓin ya kama shi a can. Wani likitan sojan ruwa, Alexander Bryson, ya tattara rahotannin jirage da yawa, ya nuna cewa a riƙa ba mutum kwinin tun yana da lafiya, a kuma ci gaba da ba shi na wani lokaci bayan ya bar wurin cutar. Har yanzu ba su san sauro ne ba, amma sun gane abin da ke kare rai.

Tafiya ta biyu

A 1854 aka sake shiri. Wani ɗan kasuwa mai suna Macgregor Laird, wanda shi kansa ya taɓa shiga kogin a 1832 ya ga mutuwar abokansa, ya haɗa kai da gwamnati. A wannan karo jirgi ɗaya aka aika, sunansa Pleiad. Turawa 12 ne kawai a ciki, 'yan Afirka kuwa fiye da 50. An so a bi Binuwai a ga iyakar inda jirgi zai kai, a kuma nemi labarin matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya ƙetare Binuwai kusa da Yola a 1851. Laird ya ba Crowther wuri a jirgi, Simon Jonas kuma ya sake zuwa.

Beecroft aka zaɓa ya shugabanci tafiyar, amma ya rasu a Fernando Po kafin jirgin ya iso. Sai shugabanci ya faɗa hannun wani matashin likita daga Sikotilan, William Balfour Baikie. Shi ne ya tsaya a kan cewa kowane Bature zai sha kwinin kowace rana, ko yana jin ciwo ko ba ya ji.

Sun shiga kogi a Yuli, wajen wata guda kafin lokacin da na 1841 suka shiga, saboda haka suka sami ruwan da zai ɗauke su nesa. Suka bar Jonas a Abo, suka wuce Ida da mahaɗar koguna, suka juya cikin Binuwai. Sun ratsa ƙasar Igbira da ta Alago, sun haɗu da Tibi, sun tsaya a garuruwan bakin kogi na yankin Jukunawa kusa da inda Ibi take. A Satumba suka kai ƙasar Muri, wasunsu har da Crowther suka taka zuwa Hamaruwa suka gai da sarki. Ko'ina suka sauka Crowther yana tambaya, yana rubuta kalmomi da sunayen garuruwa da na sarakuna, yana lura da inda mai koyarwa zai iya zama. Ya ga abin da Schön ya gani, cewa mai jin Hausa ba ya rasa wanda zai yi magana da shi a wannan hanya.

Tafiyar ba ta rasa wahala ba. Itacen da za a hura inji da shi ya yi musu wuya, abinci ya ragu, wasu ma'aikata suka yi rashin lafiya. Ba su kuma sami Barth ba, gama a lokacin yana kan hanyarsa daga Tumbuktu zuwa Kano. Da ruwa ya fara janyewa suka juyo, suka isa Fernando Po a farkon Nuwamba. Sun yi wajen wata 4 a cikin kogi, sun wuce inda kowane jirgin Turawa ya taɓa kaiwa a Binuwai, dukansu kuwa suka komo da rai.

Alkawarin Abo

Akwai abu ɗaya a tafiyar 1854 da bai kamata mu tsallake ba. Da suka isa Abo suka tarar Obi Ossai ya rasu. Crowther ya zauna da ɗansa Chukwuma ya yi masa maganar aiko masu koyarwa. Amsar da ya samu, kamar yadda shi Crowther ya rubuta, ita ce maganar ta yi daɗi ƙwarai, amma ba zai gaskata ba sai ya gani da ido, domin su a shirye suke su karɓi duk wanda aka aiko, laifin yana wurin waɗanda suka yi alkawari ba su cika ba. Shekara 13 mutanen Abo suna riƙe da maganar da baƙi suka faɗa a 1841.

Ko bayan wannan ma Abo ba ta sami abin da ta jira ba. Da aka komo a 1857 domin kafa aiki na dindindin, aka ga garin yana cikin kwari, ruwa yana cinye shi da damina, sai aka zaɓi Anaca. Dalilin yana da ma'ana, amma ga wanda aka yi wa alkawari, dalili ba ya share jira. Alkawari kaya ne, baƙon kwana biyu kuwa yakan ɗauke shi da sauƙi fiye da yadda zai iya sauke shi.

Abin da ya biyo baya

Daga rahoton 1854 ne aikin bishara na bakin Kwara ya fito. A 1857 Crowther ya komo da ma'aikata 'yan Afirka. Fasto John Christopher Taylor, wanda iyayensa Ibo ne, ya zauna a Anaca tare da Simon Jonas, aka kuma fara aiki a Gbebe kusa da mahaɗar koguna. A Oktoba na shekarar jirginsu Dayspring ya bugi dutse kusa da Jabba ya lalace, suka daɗe a wurin suna jiran wani jirgi, Crowther kuwa ya mori zaman da koyon Nufanci. A 1862 aka yi baftisma ta fari a Gbebe. A 1864 aka naɗa Crowther bishop, ya riƙe aikin har ya rasu a Legas a ƙarshen 1891. Baikie ya zauna a Lakwaja, ya juya Zabura zuwa Hausa kafin ya rasu a 1864.

Schön bai sake ganin kogin ba, bai kuma taɓa taka ƙasar Hausa ba. Rashin lafiya ya mai da shi Ingila a 1847. Amma 'yan watannin nan na 1841 sun ba shi aikin da ya riƙe har tsufa. Da taimakon wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu, wanda Barth ya kai Ingila a 1855, ya rubuta nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, Sabon Alkawari kuma ya fito da Hausa a 1880. Hausarsa tana da gyara da yawa, waɗanda suka zo bayansa sun sake aikin, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932. Duk da haka shi ya share fili.

Ba mu manta ba cewa hanyar da kwinin da jirgin tururi suka buɗe, 'yan kasuwa da sojoji ma sun bi ta, har ta kai ga mulkin mallaka. Amma ta wannan kogi ne kuma masu bishara na SUM su huɗu, Kumm, Bateman, Burt da Maxwell, suka bi a 1904, daga Lakwaja zuwa Ibi, suka hau tudu zuwa Wase. Kafin su, a Disamba 1893, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas da ƙuna a zuciya, ba wata ƙungiya da ta tsaya a bayansu. Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, dukansu a 1894. Bingham ya koma Kanada, ya nemi ilimin jinya da na Littafi Mai Tsarki, ya kafa majalisar da za ta aika ta kuma tallafa, sa'an nan a 1902 SIM ta sami zama a Patigi. Muna girmama waɗanda suka ba da ransu, muna kuma ganin abin da na raye ya gyara kafin ya sake aikawa. Yawancin ikilisiyoyin da muke sujada a ciki daga waɗannan hanyoyi suka fito.

Mu kuma fa?

Yau mu ne masu ƙetare iyaka, tambayoyin da kogin ya yi wa mutanen 1841 kuwa suna jiranmu.

Wa ya aike mu, wa kuma ya kira mu? A Ayyukan Manzanni sura 13, ikilisiyar Antakiya ce ta yi azumi da addu'a, ta ɗibiya wa Barnaba da Shawulu hannu, ta sallame su. Ƙungiyar da za ta fita ta sami amincewar majalisar dattawa a rubuce, ta kuma sami gayyatar ikilisiyar da za ta sauke ta. A tambayi masu masauki tun da wuri wane aiki suke bukata, wane wata ne ya fi musu, wace hanya ce ke da tsaro, me dokar ƙasarsu ta ce a kan wa'azi a fili. Na'urar tace iska an ƙera ta ne a Ingila bisa ga zaton masana, Beecroft da ya san kogin shi ya fitar da Albert. Sai da ɗan gari akan ci gari.

Batun lafiya kuma, kada kowa ya ce shan magani rashin bangaskiya ne. Mutanen 1841 sun yi addu'a, na 1854 ma sun yi, suka ƙara da kwinin. Bulus ya yi tafiya tare da Luka likita, ya kuma ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa a 1 Timoti 5:23. Kada mu ruɗi kanmu cewa mu 'yan Afirka ne, zazzaɓi ba ya kayar da mu. Wanda ya tashi a kan tudu mai sanyi ya sauka ƙasa mai zafi da sauro, jikinsa zai gaya masa. A ga ma'aikacin lafiya makonni kafin tashi, a ɗauki gidan sauro, a karɓi katin allurar zazzaɓin shawara da akan tambaya a iyaka, a yi tambaya a kan allurar sanƙarau idan tafiyar ta faɗa lokacin zafi. A shirya ruwan sha mai tsabta. Mai ciwon suga ko hawan jini ya faɗa wa shugaban tafiya, ya ɗauki maganin da zai ishe shi. Wanda ya komo ya ji zazzaɓi, ya je asibiti ya faɗi inda ya fito.

Game da harshe, mu ne ya kamata mu fi kowa ganewa. Da yawa a cikinmu mun ji bishara da Hausa kafin mu ji ta da harshen iyayenmu, mun kuma san yadda zuciya takan motsa ran da aka karanta Maganar Allah da yaren gida. Haka Obi Ossai ya ji da Simon Jonas ya buɗe baki. A Listira, cikin Ayyukan Manzanni sura 14, taron ya yi ta magana da yaren Likoniya, har aka kawo bijimai za a yi wa manzannin hadaya kafin su tsai da abin. Hausa za ta kai mu nesa a Nijar, amma a arewacin Kamaru Fulatanci ya fi yawo, a Chadi kuma Larabcin Chadi, takardun hukuma kuwa da Faransanci. A koyi gaisuwa da godiya, a nemi tafinta Kirista daga wurin, a ba shi wa'azin tun da wuri ya duba, a girmama shi kamar abokin aiki.

A zauna a yi lissafin kuɗi kamar yadda Ubangiji ya koyar a Luka 14:28 zuwa 30, kuɗin zuwa da na dawowa, da na abinci, da abin da za a ajiye saboda mota ko asibiti. Kowa ya riƙe fasfo ko takardar tafiya da ƙasar ta yarda da ita, a tabbatar da wannan a ofishin shige da fice kafin ranar tashi. A sani kuma sefar Nijar da Benin dabam take da sefar Kamaru da Chadi, kowace a yankinta ake karɓarta. Mutum 20 da suka sauka a kan ikilisiya mai iyali 10 ba tare da guzuri ba, za su cinye rumbun masu masauki, su kuwa kunya ba za ta bar su su faɗa ba.

Sa'an nan mu tsare bakinmu daga alkawari. Idan muka ga rufin majami'a yana yoyo, ko yaro mai ƙwazo ba kuɗin makaranta, zuciya za ta so ta ce za mu aiko. Gara mu ce za mu kai maganar gida, in majalisa ta yarda mu rubuto. Mutanen da muka bari za su tuna da kalmominmu bayan mu mun manta, kamar yadda Abo ta tuna.

Da Bulus da Barnaba suka komo Antakiya, suka tara ikilisiya suka ba da labarin dukan abin da Allah ya yi, kamar yadda muke gani a Ayyukan Manzanni 14:27. Mu ma mu sa mutum ɗaya ya riƙe littafi tun daga ranar tashi, ya rubuta sunayen garuruwa, da waɗanda suka karɓe mu, da abin da aka kashe, da kuskuren da muka yi. Rahoton da Schön da Crowther da likitocin 1841 suka rubuta bayan tafiyar da kowa ya kira hasara, shi ne ya ceci mutanen 1854. Namu rahoton zai iya zama guzurin waɗanda za su tafi baɗi.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji, mun gode maka saboda waɗanda suka bi kogi suka kawo mana Maganarka, da waɗanda aka binne a hanya. Ka ba 'ya'yanmu da za su fita hikima su yi shiri, da tawali'u su yi tambaya, da gaskiya su cika abin da suka faɗa. Ka kai su lafiya, ka komo da su lafiya, ka sa ikilisiyar da za ta karɓe su ta ƙaru ta wurin zuwansu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.